Shuɗiyar dawar da na kai wa Kawu

Ranar da na sauke buhun a ƙofar gidan Kawu na kwance bakinsa, shiru ya yi yana kallo, can ya sa hannu ya ɗebo ya kai hanci ya shinshina. Dawa ce dai irin wadda kowa ya sani, sai dai shuɗiya ce kaman an tsoma ta a karofin Ƙofar Mata. Ya ce "wannan kuma ta shuka ce ko ta tuwo?" Na ce Kawu ba ko ɗaya, an riga an gasa ta ba za ta tsira ba, kuma ba a ci. Ya ce to ta mece ce. Na ce fumfuna ce aka shafa mata a jiki, za mu watsa a gonar masara. Wallahi kallon da ya yi min har yau ban manta ba. Ya ce "kai yanzu ɗan nan da bokonka da komai, kuɗi ka sa ka sayo fumfuna? Ai da ka yi magana, ga ta can cike da tsohon rumbu kyauta."

Bari in koma baya kaɗan don ku gane abin da ya kai ni ga sayen fumfuna da kuɗina.

Ina ɗan kiwon kaji masu ƙwai a bayan gida nan Zariya, ba wani babban abu ba, kuma lokacin da abincin kaji ya yi tashin gwauron zabi sai na ce bari in riƙa haɗawa da kaina, in sayi masara da waken suya da dusa in kai inji. Na samu masara mai araha wurin wani mutum a wata kasuwar ƙauye, na yi ta murna na ɗauka na yi wayo, da na zo buhunan ƙasa sai na ga wasu ƙwayoyin sun yi kore-kore suna tashin wata ƙura mai warin ɗakin da ya sha ruwa, na ce ai kaji ne, kaji me suka sani. Ba a yi wata ɗaya ba ƙwai ya ja baya, kajin suka yi sukuku, suka fara mutuwa ɗai-ɗai. Likitan dabbobin da na kira ya feɗe guda biyu a gabana, ya nuna min hanta ta kumbura ta koɗe ta yi rawaya-rawaya, yana taɓa ta tana dagargajewa. Bai tambaye ni allurar rigakafi ba, cewa ya yi "malam ina ka sayi masara?" Abin da ya hana ni barci daren nan ba asarar kajin ba ce kaɗai, tunawa na yi ranar da na saya akwai mata a layi suna auna irin masarar nan a kwano, kuma na san ba kaji za su kai wa ba.

Daga nan na fara bin diddigin abin. Gubar sunanta aflatoksin, wata fumfuna ce mai suna Aspergillus flavus take yin ta, kuma tana cikin ƙasar gonakinmu tun fil azal. Ta fi kama masara da gyaɗa, musamman in an yi fari shuka ta wahala ko ƙwari sun huda zangarniya, sannan in an zo an shanya a ƙasa ko an ɗura a buhu da ɗanyenta sai ta ƙara samun wuri. Mugun abin shi ne wuta ba ta kashe ta, ka soya ƙuli-ƙuli ka dama kunun gyaɗa ka tuƙa tuwo tana nan daram, kuma ba lallai ido ya gani ba, hatsi zai iya yin kyau fes alhali da guba a ciki. Hanta take ci. Tana jawo kansar hanta, kuma in mutum yana ɗauke da cutar hanta nau'in B haɗarin ninkuwa yake sosai, ku kuwa kun san yanda wannan cutar ta yi yawa a cikinmu. In saniya ta ci, tana fitowa a nono. An fara gano ta a 1960 a Ingila lokacin da talo-talo wajen dubu 100 suka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Brazil. A Kenya kuwa a 2004 mutane ne da kansu, mutum 125 suka rasu sabida masarar gida da ta lalace. Turai ba ta yarda gubar da ke cikin gyaɗar ci ta wuce kashi 4 cikin biliyan, Amurka kashi 20. Mu da muka taɓa yin dalar gyaɗa a Kano muna loda jirgin ƙasa zuwa Ikko, yau ko da za mu dawo da noman kaman da, wannan ƙofar sai mun wuce ta tukuna.

To ita shuɗiyar dawar nan sunanta Aflasafe, kuma dabarar da ke cikinta ce ta fi burge ni. Ashe ita fumfunar ba duka ce mai guba ba, a cikin danginta akwai waɗanda sam ba sa iya yin gubar, halittarsu ce haka. Sai masana suka ce to me zai hana mu tattaro marasa gubar nan mu yawaita su, mu zuba su a gona tun kafin masu gubar su farka, su cika wurin su cinye abincin, in mugayen sun zo su tarar ba masaka tsinke. Wanda ya riga ka kwana dai dole ya riga ka tashi. Wani masani Ba'amurke mai suna Peter Cotty ne ya yi fice a wannan dabarar a jihar Arizona, a kan auduga, kuma abin sha'awa a can ƙungiyar manoman audugar ce da kanta ta kafa masana'antar da ke yin maganin. Daga baya cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, inda masaninta Ranajit Bandyopadhyay ya jagoranci aikin, ta haɗa kai da ma'aikatar gona ta Amurka da jami'ar Ibadan da ta Bonn a Jamus, suka bi gonakin Najeriya suna ɗibar ƙasa da hatsi, suka tace dubban samfura har suka tsayar da guda 4 marasa guba, 'yan asalin ƙasar nan. Wannan ya kwantar min da hankali gaskiya, ba wata baƙuwar halitta aka ɗauko daga wata nahiya ba, tamu ce aka zaɓo masu hali a ciki. Shi ya sa ma kowace ƙasa da nata, na Kenya daban, na Senegal da Gambiya daban, na Ghana daban, na Burkina Faso daban. NAFDAC ta yi wa namu cikakkiyar rajista a 2014.

Dawar kuwa ba komai ba ce illa abin hawa kuma guzuri. Ana gasa ta don kar ta tsira, a shafa mata ƙwayoyin fumfunar da ɗan abin da zai sa su manne, a sa launin shuɗi don kar wani ya ɗauka ta ci ce ya kai niƙa. Kilo 10 ake watsa wa hekta ɗaya, wato kwano huɗu ko makamancin haka, sati 2 zuwa 3 kafin masara ta fidda fure. Da hannu ake watsawa kaman taki, amma sai an gama noma da huɗa da sa taki tukuna, don ba a so ƙasa ta binne ta, kuma ana so ƙasa da laima. Mu ranar da muka watsa an yi ruwa da daddare, da safe muka shiga ni da yaran Kawu biyu kowa da roba a hannu, shi kuma yana tsaye a bakin gona ya goya hannu a baya yana cewa yau zabbin gari sun samu walima. Bayan kwana biyar na koma na durƙusa a gindin masara na duba, wasu kam tsuntsaye sun tsince, amma waɗanda suka rage kowace ƙwaya ta yi gashi kore-kore kaman an yayyafa mata garin kuka. Na kira Kawu na nuna masa, ya duƙa ya daɗe yana kallo ya ce "ikon Allah, irin ta rumbu ce sak." Na ce irinta ce, hali ne ya bambanta. Gwaje-gwajen da aka yi shekara da shekaru a gonakin manoma sun nuna gubar tana raguwa da sama da kashi 80 cikin 100, kuma kariyar tana bin hatsin har cikin rumbu tunda marasa gubar ne suka riga suka zauna a jikinsa. Amma fa ba lasisin sakaci ba ne, in ka shanya a turɓaya ka ɗura da laima ka jingina da bango mai yoyo, kai ka jiyo.

Yanzu ga inda nake son zuwa. Mu 'yan Zariya mun saba da bincike, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana nan a hancinmu, kuma duk wanda ya taɓa shiga ofishin wani malamin aikin gona ya ga kundaye jibge har rufi sun sha ƙura, kowanne da maganin wata matsala a ciki, manomin da ke Giwa ko Soba bai taɓa jin labari ba. Ba laifin malaman ba ne kacokan, aikin malami ya gano abu ya tabbatar ya rubuta, ba shi da tirela, ba shi da dila a kowace kasuwa, bai san yanda ake ba da kaya bashi a karɓa bayan kaka ba. Abin da ya bambanta labarin Aflasafe shi ne tun farko sun gane haka. IITA ta gina masana'anta a harabarta a Ibadan don ta nuna wa 'yan kasuwa cewa abin nan ana iya yinsa tan-tan ba a kwalbar gwaji kaɗai ba, sannan ta miƙa lasisin yi da rarrabawa ga kamfani mai zaman kansa, a Najeriya Harvestfield Industries, a Senegal BAMTAARE, a Kenya kuma hukumar binciken noma ta ƙasar ce ta kafa masana'anta a Katumani. Masu bincike suna riƙe da asalin irin fumfunar suna duba inganci, kamfani yana yi yana sayarwa. Ni a ganina haka ya kamata, kowa ya tsaya inda ya fi iyawa.

Sai dai akwai ƙafa ta uku da in babu ita tukunyar ba ta zama, wato mai saye. Taki in ka sa, masara tana yin baƙi-ƙirin maƙwabci ya gani ya tambaye ka. Wannan kuwa ba ya ƙara maka ko buhu ɗaya, masararka da ta wanda bai sa ba a ido duk ɗaya, abin da ka saya shi ne rashin wata guba da ba a gani. To wa zai biya ka? Masu shirin sun san da wannan, shi ya sa daga 2013 zuwa 2019 aka yi wani shiri mai suna AgResults, inda ake ba masu tattara masara daga hannun ƙananan manoma ladan dalar Amurka 18.75 kan kowane tan da aka gwada aka tabbatar an yi amfani da maganin, su kuma su nemo masu saye irin kamfanonin abincin kaji da na abincin mutane waɗanda suke gwada kaya kafin su karɓa kuma suna ƙara farashi a kan mai tsabta. Inda aka samu wannan haɗin abin ya tafi, manomi ya ga riba ya sake saye. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Amma Kawu ba ya cikin kowace ƙungiya, shi kasuwar mako yake kai wa, kuma da muka kai buhunan da kaka, dillali ya soka bututunsa ya zaro ya watsa ƙwaya biyu a baki ya ɓantara ya ji ta bushe, ya faɗi farashi. Na ce masa Alhaji wannan fa an sa mata maganin guba tun a gona. Ya dube ni ya ce "Allah ya ba da lada," ya maimaita farashin nan dai bai ƙara ko sisi ba. Kawu bai ce komai ba, amma a mota har muka iso gida yana murmushi, ni na san murmushin me yake.

Kuma akwai ɗan abin gwajin gubar nan na tsinke, kusan kaman na gwajin maleriya, a niƙa hatsi a jiƙa a tsoma a ga sakamako cikin mintuna. Ni da za a tambaye ni inda za a zuba kuɗi, cewa zan yi a ajiye teburin gwaji a Dawanau da Saminaka da sauran manyan kasuwannin hatsi, buhun da ya ci jarabawa a buga masa hatimi. Ranar da mai hatimi ya fi marar hatimi ko da ɗan kaɗan ne, ba sai an yi talla a rediyo ba.

Ba wannan ne karo na farko da abu mai kyau ya tsaya a tsakanin ɗakin bincike da kasuwa ba. 'Yan uwanmu na Nijar za su tuna maganin fara da shirin LUBILOSA ya fitar, wanda aka fara a 1989 kuma aka yi manyan gwaje-gwajensa a can, shi ma fumfuna ce mai suna Metarhizium da ake kwaɓawa da mai a fesa, ta tsiro a jikin fara ta kashe ta ba tare da ta taɓa tsuntsu ko zuma ko dabba ba. Green Muscle aka sa masa suna aka ba wani kamfani a Afirka ta Kudu lasisi. Yana aiki, amma sai ya ɗauki sati biyu ko fiye kafin fara ta mutu, ga shi fara ba kowace shekara take zuwa ba, kamfani kuwa ba zai zauna jiran annoba ba, haka ya yi ta tafiyar hawainiya sai da farar 2020 ta afka wa gabashin Afirka aka yi amfani da irinsa sosai a Somaliya. Mu kuma halinmu mun fi son mu fesa mu ga ƙwaro ya faɗo yana shure-shure nan take, abin da ya sa fiya-fiya ta samu gindin zama kenan har Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015 sabida yawan maganin da aka samu a jikinsa. A wajen Maraɗi kuma wata hanyar suka bi da murzuna, tsutsar nan mai cin kan gero: masanan cibiyoyin binciken noma na INRAN da ICRISAT da jami'ar Maraɗi suna kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, a sa shi a 'yar jakar algarara da ɗan gero da tsutsotsin da zai hayayyafa a kansu, a rataya a bishiya kusa da gonaki, ya fito ya bi murzuna ya harbe ta ya yi ƙwai a jikinta. Shi wannan matsalarsa daban ce, zanzaro bai san iyakar gona ba, in kai ka saya har maƙwabcinka da bai ba da ko dala ba ya amfana, don haka sai dai gari guda ya haɗa kuɗi, shi ya sa suka karkata ga ƙungiyoyin manoma da ƙananan masu sana'a a ƙauyuka su riƙa kiwonsa suna sayarwa.

Akwai kuma wani reshe na binciken nan da na karanta har na kusa makara sallar asuba, wai ashe ita shuka tana da garkuwar jiki da ake iya tayarwa. Tun 1961 wani masani a jami'ar Cornell mai suna Frank Ross ya nuna in cuta ta kama ganyen taba na ƙasa, bayan 'yan kwanaki ganyen sama da cutar ba ta taɓa ba sai su yi taurin kai, in ta zo musu ba ta yi musu illa kaman da. Wato ganyen da aka fara kamawa ya aika saƙo ko'ina a jiki cewa a shirya. A 1979 wani a Ingila ya gano asfirin, e asfirin ɗin ciwon kai, yana tayar da irin wannan shirin a ganyen taba, daga baya aka tabbatar sinadarin da asfirin ya samo asali daga gare shi yana cikin abin da shuka ke amfani da shi wurin wannan ƙararrawar. Kamfanin Ciba-Geigy na Suwizalan ya ɗauki ilimin ya fitar da magani a shekarun 1990, wanda ake sayarwa da sunan Bion ko Actigard, shi ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, shukar kawai yake tasa tsaye. Wasu ƙananan halittun ƙasa ma irin su Trichoderma in suka zauna a saiwa suna yin makamancin haka. Sai dai sharaɗinsa a sa kafin cuta ta zo, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba ya kare shuka ɗari bisa ɗari, sannan in an zuba da yawa shuka tana ƙarar da ƙarfinta wurin tsaro ta rage yabanya. Dan Allah kar wani ya ce na ce a niƙa asfirin a fesa wa tumatir.

Na faɗi wannan ne sabida yanzu kalmar "na gargajiya" da "ba kemikal" ta zama abin talla. Na taɓa tsayawa a wani shagon maganin gona, mai shagon ya ɗauko min wata jarka ba lambar rajista ba ranar lalacewa, ya ce ƙwayoyin halitta ne masu rai a ciki, yana ƙara garkuwa yana kashe tsutsa yana korar wuta-wuta yana ninka amfani. Jarkar tana kan tebur a waje rana tana dukanta a watan Afrilu, na taɓa ta kaman ruwan shayi. Na ce maigida in ma da mai rai a ciki ai ya daɗe da cikawa. Abu mai rai yana son inuwa da kula da lokaci, kuma dila da bai san haka ba zai kashe sunan maganin kirki ma a idon manomi, don manomi in ya gwada sau ɗaya bai ga komai ba ya gama da kai da duk mai kama da kai. Horar da masu shagunan nan ni a wurina yana cikin aikin kamfani da masu bincike, bai kamata a ce an sa hannu a takardar lasisi an ɗauki hoto shikenan ba.

Masarar Kawu dai ba mu sayar da ita duka ba. Bayan abin da ya faru da dillali sai ya ware buhunan da aka sa wa shuɗiyar dawar ya ce waɗannan na tuwon gida ne da kokon jikoki, ni kuma na sayi sauran a hannunsa don kajina na ɗora masa wani abu a kan farashin kasuwa, ya ƙi karɓa da farko sai da Inna ta sa baki. Kajin suna nan lafiya, ban ce duk maganin ne ba don yanzu ina tsince masara kaman mai tsintar shinkafar biki.

Satin da ya wuce ya kira ni a waya, bayan gaisuwa da tambayar yara ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce "af, bana za ka kawo fumfunar taka kuwa? Gyaɗar bayan gari nake so a sa wa ita ma." Na ce insha Allahu Kawu, amma bana kai za ka biya. Ya ce layin ba ya ji sosai.